Atamfar da Yaya Zakaria Ya Ce Tasa Ce

Litinin, 10 ga Yuli, 2023. Salaga.
Autata Anisatu ta zo hutu daga Accra, inda take karatun lauya. Ta rame. Na tambaye ta abin da take rubutawa na kammala digiri, ta ce a kan dokar Falasɗinu ne, yadda ake neman hana kotun soja yi wa farar hula shari'a. Na ce, "Namu na Gana bai ishe ki ba?" Ta yi dariya.

Laraba, 12 ga Yuli.
Ruwa tun safe, ban fita kasuwar doya ba. Tana karatu a baranda ta ce, "Baba, ji wannan." Wai sashe na 101 na babbar dokarsu ya ce kotun soja ba ta da hurumi a kan abin da bai shafi aikin soja ba. Amma an yi shekaru ana kai mutane can duk da haka, da wata tsohuwar doka ta 1979. Na ɗauka kotunan Isra'ila take nufi. Ta ce waɗancan daban ne, wannan nasu ne na gida, mutum a gaban sojan ƙasarsa.

Na tashi na ce zan duba awaki.

Alhamis, 13 ga Yuli.
Bari in rubuta, tunda ko marigayiya uwarsu ban gaya mata duka ba.

Bawku, 1979, zamanin soja. Shekarata ashirin da biyu, muna shago ɗaya da yayana Zakaria. Ni na ɓoye atamfa ƙarƙashin buhunan gero, ina jiran ta yi tsada, alhali soja sun hana ɓoye kaya. Sojoji suka tono, suka tafi da mu biyun. Kotun soja ce, mutum uku a bayan tebur, bindiga a jingine. Babu lauya, babu shaida. Na tsakiyan ya ce kayan na wane ne. Na kalli ƙasa. Yaya ya ce, "Nawa ne. Wannan gaishe ni ya zo yi."

Ko shayi bai isa ya huce ba aka gama. Aka yanke wa Yaya bulala, da ɗaurin shekara uku. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji. Ni kuwa na dawo Salaga, na yi aure, na gina gida. Shi yana Yendi yana ɗinki. Duk shekara ina aika masa sabuwar doya ta hannun direba. Sai a jana'iza muke haɗuwa, cikin mutane, mu gaisa in zame.

Lahadi, 16 ga Yuli.
Gwiwa na ciwo. Ban ci tuwo ba.

Juma'a, 21 ga Yuli.
Bayan masallaci ta tambaye ni, haka kawai, me ya sami kunnen Baba Zakaria. Na ce ciwo ne. Ta daɗe tana kallona. Idon uwarta sak.

Talata, 25 ga Yuli.
Na gaya mata. Tana yanke mini farce ne, hannuna a cinyarta, shi ya sa na iya, don ba ta kallon fuskata. Ba ta tsaya ba sai da ta gama yatsu goma. Sannan ta ce, "Baba, tsoro ne. Saboda irin wannan ake cewa kada soja ya yi wa ɗan kasuwa shari'a. Ba wanda ke iya magana a wurin."

Ban yarda ba. Yaya ma a wurin yake, kuma ya yi magana.

Ta ce mu je Yendi. Na ce sai gwiwa ta yi sauƙi. Ta je tasha ta kama mana wuri.

Asabar, 29 ga Yuli. Yendi.
Hanya ta lalace da ruwa, sai bayan azahar muka iso. Muka same shi a rumfa kan keken ɗinki, tabarau a ƙarshen hanci. Ya tsufa ƙwarai. Anisatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta shige wajen matarsa.

Na zauna ta damansa. Na tambayi gida, na tambayi ruwa, na sake tambayar gida. Can na ce, "Yaya, atamfar nan tawa ce."

Ya ce in ɗaga murya. Dole na maimaita, har mai ƙosai na tsallaken titi ta waiwayo.

Ya ce, "Na sani. Na gan ta kwana biyu kafin su zo, na ce zan yi maka faɗa, ban samu dama ba." Na ce to me ya sa. Ya ce, "Kai ka taɓa iya jure duka? Tun kana ƙarami ko tsintsiya Inna ta ɗaga sai ka suma." Ya yi dariya har da tari.

Da ya natsu ya ce, "Bulalar na manta da ita, Awudu. Doyarka ce ke zuwa, kai ba ka zuwa. Wannan ne."

Ya dafa ni. Ya bar hannunsa a kafaɗata.

Da la'asar, da na gaya masa abin da take rubutawa, ya kira Anisatu ya ce mutanen nan na Falasɗinu, an daina kai su kotun soja? Ta ce a 2011 hukumarsu ta Yammacin Kogin Jordan ta ce ta daina, amma ba ko'ina aka bari ba. Ya ce, "To ki rubuta da kyau, 'yata. In kin gama nasu ki dawo, ina da nawa."

Alhamis, 3 ga Agusta. Salaga.
Anisatu ta koma jiya. Gidan ya yi shiru.

Kafin mu baro Yendi Yaya ya auna ni, wai zai yi mini riga, in koma gwaji bayan sati biyu, don ba ya ba direba ɗinkinsa. Riguna sun yi mini yawa a akwati. Zan je dai saboda kada yadin ya lalace.

Na ce wa mai motar ya ajiye mini kujerar gaba, kuma ba ranar zan dawo ba.