Ƙarfen Ƙirjin Alhaji Bukar

Daren Juma'a, watan Sha'aban

Maƙwabcina Alhaji Bukar ya dawo daga Kano ya ƙwace min majalisa. Wai ta wuyan hannu likitoci suka zura masa siririn tiyo har zuciya, suka buɗe jijiyar da ta toshe, suka bar ɗan ƙarfe a ciki. Tabon ma bai kai cizon sauro ba. Ni da na sha ƙaho har bayana ya koma rariya, wa ya taɓa kawo min lemo?

Yau a ƙofar masallaci masu caje mutane da na'ura suka zo kansa, ya ɗaga hannu: "Samari, a hankali, akwai ƙarfe a ƙirjina!" Na'urar ko uffan ba ta ce ba, amma har sahun gaba aka raka shi. Musa, ɗan cikina, shi ya riƙe masa takalmi.

A hanyar gida na ce, "Musa, ni ma fa ƙirjina na min nauyi in na yi tafiya."

Ya tuntsire da dariya. "Kai Baba, ba ka gajiya da barkwanci!"

Na taya shi dariyar. Nauyin dai yana nan.