Mun Bar Muku Shi

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti? Bayan haka, ga abin da na gani da idona safiyar Talata a ofishin biza. Na zaɓi in rubuta ne don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Na isa tun ba a buɗe ƙofa ba. Aka karɓe mana wayoyi, na zauna a kujerar ƙarfe ina kallon tagogi uku. Na lura matar da ke taga ta biyu ba ta kallon fuskar mutum sai takarda ta dame ta. Ita ce kuwa ta kira ni. Ta duba fasfo, ta duba gayyatar ƙungiyar, ta tambaye ni ta bakin tafinta me zan je yi. Na faɗa mata yadda kika koya mini: aikin sa kai ne, gyaran famfunan ƙauyukan da ambaliya ta lalata, kwana ashirin da ɗaya, babu albashi, kuma ƙungiyar agaji ce mai rajista, ba kamfani ba. Tana ta gyaɗa kai. Sai ta farke ambulan ɗin wasiƙar izinin barin shago da Kawu ya ba ni, wanda ya liƙe da gam sau biyu ya ce abin da ke ciki ba na yara ba ne. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ja layi da jan biro a ƙasan shafin, sannan ta ɗago ta kalle ni. A nan na san an gama.

Yau amsa ta zo. An hana. Wai ba su gamsu zan dawo ba.

Na wuce shagon mai buga takardu, wadda ta juya wa Kawu maganarsa zuwa Turanci, na roƙe ta ta karanta mini ƙasan shafin a kwafin da ke wurinta. Ga shi: "Wannan yaro mun bar muku shi. Babu abin da ya riƙe shi a nan. Ku ɗauke shi ɗanku, ku riƙe shi iya son ranku, shagona ba zai ji rashin kowa ba." Ta ce sau uku tana ja masa kunne, ya ce ta buga yadda ya faɗa.

Ƙungiyar ta ce zan iya sake nema, amma sai sabuwar wasiƙa ta shiga kafin Juma'ar sama, in ba haka ba su tafi da wani. A shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Sannu-Sannu

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kawu, abu ɗaya aka roƙe ka. Ka rubuta cewa yaron nan a shagonka yake aiki, ka ba shi izinin mako uku, kuma kana jiran sa ranar kaza. Shi ke nan. Bizar gajeren zama ce. Na yi irin tafiyar nan da ƙungiyar, na san mutanen ofishin: ba ruwansu da kirkin mutum, abin da suke nema kawai shi ne igiyar da za ta jawo shi gida. Kai kuma ka sa wuƙa ka yanke igiyar a gabansu, har da yi musu kyautarsa.

Wata huɗu na yi ina bin shugabar ƙungiyar kafin ta yarda ta ɗauki wanda ba shi da takardar makaranta. Don Allah, Kawu, ka koma wajen mai buga takardu, ka ce shagon ba ya tafiya sai da shi. Layi uku ne. Ba su fi ƙarfinka ba.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, kuma na ji zafin da ke cikinta, ko da yake an lulluɓe shi da ladabi.

Ki sani ba a tura yaro wurin mutanen da suka girmama ka da gayyata, sannan ka ce musu su dawo maka da shi ranar kaza, kamar ka ba da aron tsani. Ni ba a haka aka rene ni ba. Na nuna musu mu ba matsiyata ba ne. In su ba su gane karamci ba, wannan matsalar tarbiyyarsu ce.

Batun in rubuta shagona ba ya tafiya sai da shi kuwa, ina ɗaure bututu tun uwarku ba ta yi aure ba. Yaron da na koya wa riƙon sifana, shi zan sa hannu a takarda in ce ya riƙe ni? Ba na ƙarya a baki, ba zan yi ta a rubuce ba.

Ki gaida maigidanki.

Kawunku

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida ya aiki. Na san abin da kika rubuta wa Kawu, don ni na karanta masa. Amsarsa ma ni na rubuta, yana faɗa ina bi, har wurin da ya ce shi ya koya mini riƙon sifana. Ban canza ko harafi ba. Sai dai biro ya huda takardar a wurin, kin ga ramin.

Kin yi ta kira kina cewa in buɗe baki in yi masa magana. Akwai abin da ba ki sani ba. Shekara biyu ke nan idon Kawu ba ya ganin lambar da ke jikin sifana. Bai faɗa wa kowa ba, ni ma ban nuna na sani ba. Kullum da safe nake jera masa su a kan benci daga ƙarama zuwa babba, yana ƙirgawa da yatsa. In mai famfo ya kawo noti, ni nake cewa, kamar da kaina nake magana, wannan ai sha uku ne. Shi ya sa wasiƙun nan ma yake cewa in karanta masa wai don in ƙara ƙwarewa.

To in ce masa me? In ce Kawu ba ka gani? Gara in rasa tafiyar.

Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. An sa na sake hoto don kunnena ɗaya bai fito ba, na sake bin layi don takardar rajistar ƙungiyar, komai ya cika, sai layi uku daga mutumin da muke wuni a shago ɗaya. Jiya har tambayata ya yi wai yaushe jirgin namu zai tashi, kamar bai san an hana ba. Na fita waje na wanke bokiti mai tsabta.

Saura kwana huɗu.

Ƙaninki

*

Kai Sannu-Sannu,

Ina gaishe ka, in gaisuwa na shiga kunnenka. Ka daina jera masa sifanar kwana ɗaya tak, ya ji a jikinsa. Ku biyun nan kun ishe ni: ɗaya girman kai, ɗaya haƙurin da ya zama ciwo. Da na san da maganar idon nan da tuni na kawo shi asibiti, kuma zan kawo shi ko da ɗaure shi zan yi.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban bi shawararki ba, ki yi haƙuri. Abin da na yi, na ɗauki magagari na yi wa kowace sifana tsaga a mariƙi: ta goma tsaga ɗaya, ta sha uku biyu, haka har babbar. Na ce ko na tafi ko ban tafi ba, wata rana zai buƙata.

Safiyar Alhamis ya shigo, ya kai hannu benci, babban yatsansa ya faɗa tsagar. Ya ɗauki ta biyu ya shafa, ya ɗauki ta uku. Sai ya ce in rufe shago mu je.

A wajen mai buga takardu ya ƙi zama. Ya ce, "Rubuta. Aro na ba ku, ba kyauta ba. Kwana ashirin da ɗaya. Ranar ashirin da biyu ina son sa a bakin bencina, don shi ne idona." Ta tambaya ko ta sa kalmar ƙarshen. Ya ce ta sa, kuma kada a liƙe ambulan ɗin.

Na kai takardun jiya. Matar taga ta biyu ce dai. Ta karanta sau ɗaya, ba ta ɗauki jan biro ba, ba ta kalle ni ba. An ce in jira kwana goma.

A hanyar gida Kawu ya ce shi bai faɗi komai ba sai abin da ofis ke so. Zai ce miki haka. To ba ni kaɗai na ji ba: mai buga takardu ta ji, mijinta da ke gyara injin fotokwafi ya ji, da wata malamar makaranta da ta zo buga jarabawa, wadda ta cire tabarau ta goge.

Ƙaninki,
Sannu-Sannu