Rabin Fuskarki a Kan Katako

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, raɓar asubahin zuciyata, abokiyar tafiyata ta shekara ashirin da bakwai, Maman Injiniya.

Har yanzu da sunan nan nake kiran ki, kuma ba zan daina ba, ko da yake 'yarmu da ta ba ki shi ta riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan ta. Wata uku ke nan kina gidan Yaya. Ban ga laifinki ba. Na san ɗakunan nan sun yi miki nauyi. Idan na kira ki nakan ce lafiya lau, ki ce lafiya lau, mu ajiye waya. Yau na ɗauki alƙalami domin muryata ta koyi ɓoye gaskiya, hannuna kuwa bai koya ba. Tsoro nake ji, masoyiyata.

Kin tuna ranar da aka kawo na'urar nan tata mai zane a kan katako da hasken leza? Ta baza ƙarafuna da sukurori a teburin cin abinci, ni ina karanta takardar umarni, ita tana haɗawa ba tare da ta saurare ni ba. Da ƙauri ya cika gidan kika fito daga kicin kina buɗe tagogi, kina cewa tsohon farfesa da ƙaramar injiniyarsa sun ɗaura niyyar ƙone miki labule. Kafin la'asar ta miƙo miki cokalinki na katako da sunanki a jikinsa, kika yi dariya har sai da kika nemi kujera. Ina dariyar nan take yanzu, farin watana? Wace iska ce ta yi gaba da ita?

Akwai abin da muka ɓoye miki. Mako biyu kafin a kwantar da ita a asibiti, ta fara zana hotonki a kan wani farin katako, ta kuma sa na yi alkawarin yin shiru. Na'urar tana zane ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Goshinki ya fito, idanunki sun fito, sai kan lezar ya mutu kafin ya kai bakinki. Ta ce in ta warke za ta sayi sabo. Katakon yana nan yadda ta ɗaure shi da hannunta, ban motsa shi ba.

Na sayo sabon kai, kuma na yi kuskuren da ba zan yafe wa ɗalibin aji ɗaya ba. Na'urar volt goma sha biyu take ci; kan da na sayo na volt ashirin da huɗu ne. Ni da na yi shekara talatin ina koyar da ilimin lantarki! Ta rubuta gargaɗi a wata 'yar takarda ta manna a gefen na'urar, amma na kasa duban rubutun hannunta, kullum sai in kawar da kai. Har na ɗauki wayar sabuwar adaftar wuta mai volt ashirin da huɗu zan soka wa na'urar gaba ɗayanta, sai idona ya faɗa kan takardar: "Sha biyu kawai, Baba. Kar ka yi mini farfesanci." Da na soka, da allon da ke sarrafa na'urar ya ƙone nan take. Na daɗe zaune a ƙasa, wayar tana hannuna.

Yanzu na gyara komai. Sabon kan yana da wutarsa daban, na'urar tana da tata. Babu abin da ya haɗa su sai wayar umarni da baƙar waya guda da suke tarayya a kanta. Na auna wutar da mita sau bakwai. Na rage ƙarfin hasken, na gwada shi a kan guntayen katako a gefe har suka cika kwando. Lissafi ya ce komai daidai ne. Amma sabon hasken ya fi tsohon zafi, katakon nan kuma ɗaya ne tak a duniya. Idan ya kauce da faɗin gashi fa? Idan ya ƙona idanun da ta zana, wa zai sake zana su? Na tsaya gaban likitoci ban girgiza ba, na karɓi gaisuwa ban zubar da hawaye ba, mutane suna ta yabon dauriyata; ga shi ɗan maɓalli guda ya gagare ni. Da zarar na kai yatsa sai in ga idanunki suna kallona daga cikin katakon, suna jiran sauran fuskarsu.

Ya ke ruwan farko bayan dogon rani, ya ke ƙoramar da ba ta taɓa ƙafe mini ba, ki dawo. Ba na roƙon ki yi murmushi. Wanda ta ajiye miki yana nan cikin na'urar. Ki zo kawai ki tsaya a gefena, domin in ya lalace kada in gan shi ni kaɗai, in kuma ya fito kada in riga ki gani. Tabarau na kare ido guda biyu ne a gidan nan, nawa da nata. Na goge nata, na sassauta igiyarsa daidai kanki. Ba zan danna maɓallin ba sai kina sanye da shi, ko da zan jira shekara.

Naki jiya, naki yau, naki har iyakar numfashin da ya rage mini,

Baban Injiniya.