Garmahon Baffa ya gyaru, ni ne na ɓoye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni mai gyaran rediyo ne a Rano. Yanzu wa ke kawo rediyo? Sai in wuni ba wanda ya yi mini sallama. Mai ɗakina ta rasu, yara suna Kano.

Da damina wani dattijo Bafulatani daga Kahu, Baffa nake ce masa, ya kawo garmaho naɗe a zane, irin mai akwatin nan da ake murɗa hannunsa, da faifai ɗaya tal. Ya ce masu sayen kayan tarihi sun yi ta zarya ya hana, don da shi ya tare da marigayiya matarsa. "Malam, so nake in ƙara jin faifan nan ko sau ɗaya."

Wallahi ba abin da ya same shi, man ciki ne ya daskare. Na wanke, na sa allura, ya tashi rangaɗau. Amma da ya dawo ranar kasuwa ya zauna a bencina, ya miƙo mini nono a ƙwarya, muka yi hira har la'asar, sai na ji bakina ya ce, "Baffa, da saura, sai wata kasuwar." In ya karɓi abinsa, me zai sake kawo shi? Haka nake ta yi masa, yau ƙarfe ne babu, gobe sai an aiko daga Kano. Tsoho yana hawan acaɓa a hanyar nan mai ramuka, yana ma ba ni haƙuri wai ya ɗora mini wahala! Ni kuwa in ya tafi sai in rufe shago in kunna faifan matarsa, in saurara ni kaɗai. Kunya kamar in nutse.

Kasuwar da ta wuce bai zo ba. Jiya 'yarsa ta zo ta ce yana kwance, ko zama ba ya iyawa. Ya ce a gaya mini in daina wahalar da kaina, ya haƙura da jin faifan.

In na kai masa, dole ya tambaye ni yaushe ya gyaru. In sake yi masa ƙarya a kan shimfiɗarsa, ko in faɗi gaskiya in rasa mutum ɗayan da ke zama a bencina? Me zan yi?