Abin da ke ratsa dutse ba rami

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikinki, yaya sanyin ƙasar? Babanki lafiya, sai dai gwiwa. Kakarki tana tari tun tonon citta, amma tana cin abinci. Gwaggonki ta Godogodo ta warke.

Na karanta saƙonki da kaina sau uku, yatsana a kan layi. Kin ce injin da kuke zanawa zai harba wasu ƙananan abubuwa, nutrino, su bi ta cikin ƙasa nisan da ya fi Kafanchan zuwa Kaduna, ba rami, ba bututu. Kin ce irinsu daga rana suna ratsa jikina kullum. Washegari ina kankare citta na ɗaga tafin hannuna ga rana, na daɗe ina kallo. Ko ƙaiƙayi ban ji ba. Rahila, aikin Ubangiji ya fi ƙarfin kaina!

Amma da na faɗa a zumuntar mata, Mama Talatu ta ce, "Abin da ya ratsa dutse, zai bar mai ciki?" Shi ya sa na zauna rubuta miki.

Ki gaishe da maigidanki, ku sa mu a addu'a. Ki kuma gaya mini gaskiya: suna fita duka, ko wasu na maƙalewa kusa da jikana da ke cikinki? Lahadin godiyar girbi ana karanta sunaye kashi biyu, masu godiya da masu neman addu'a. Ki amsa kafin ranar, don ban san inda zan rubuta naki ba.

Mamanki,
Asabe