Gas Ɗinku Ya Ci Mini Benci A Tsakiyar Wankan Jego

Zuwa ga Manajan wurin da nake ɗura iskar gas a nan Ƙaura Namoda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, har da maigadin nan da ya iya cewa "babu" tun mutum bai sauka daga babur ba. Ni ne Garba mai shayi na bakin tasha, dattijon da kake kira Baba idan ka ga tukunya a hannunsa. Ban ambaci sunanka ko na kamfaninku ba, domin ka san kanka. Da hannuna na rubuta wannan takarda. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, saboda haka kada ka zargi kowa, ni ne.

Kafin ƙorafi, ka taya ni murna. Ɗiyata ta fari, wadda ba zan kama sunanta ba, ta shekara tara a ɗakin mijinta a Badarawa ba ta ga haihuwa ba. Bana Allah ya ba ta biyu rigis, Hassan da Hussaina. Hussaina amaryata ce, na riga na gaya wa kowa. Hassan kuwa tun yanzu yana hararata, na ga alamar zai yi rowa. Yau kwanansu ashirin da uku a duniya, kuma ko wannan wasiƙa ina rubuta ta ne ina dariya ni kaɗai. Amma dariyar ba za ta hana ni faɗa maka abin da ka yi mini ba.

Na farko. Shekara biyu da suka wuce ka zo tasha ka tara mu, masu shayi da masu tuwo da masu suyar ƙosai. Ka ce mu bar icce da gawayi, daji ya yi wuyar shiga, hayaƙi na kashe ido, gas kuwa arzikin ƙasarmu ne, ba ya yankewa. Maganarka ta shige ni. Ni na fara rushe murhuna, na sayi tukwanen gas biyu, babba da ƙarama. Gaskiya na ji daɗinsa. Ruwa na tafasa kafin direban Zurmi ya gama wanke baki, kuma idona ya daina zubar da hawaye. Har wa'azin gas na riƙa yi maka kyauta.

Na biyu, kuma a nan na yarda da nawa laifin. Ka san al'ada: haihuwar fari gida ake zuwa, kuma mai jego sai ta yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ba fashi. Iccen wankan kuwa miji ke kawowa. Surukina Lawali, yaro mai kunya, ya tara icce tun cikin na wata shida, ya aiko da shi cike da mota ranar da aka haihu. Ni kuma murna ta hau mini kai. Na tsaya a ƙofar gida na ce wa direba ya juya da shi Badarawa, ya gaya wa Lawali gidan Garba ya wuce zamanin hayaƙi, jikokina ba za su buɗe ido a cikin toka ba. Mutane na kallo na faɗi haka. Har da ɗaga hannu.

Daga nan wurinka na nufa da babbar tukunya. Na gaya maka abin da na yi da abin da nake nufi. Ka tuna amsar da ka ba ni? Ka dafa kafaɗata ka ce, "Baba, ko jegon mata goma ne, gas na nan." Na riƙe wannan magana kamar yadda na riƙe karatun sallah.

Na uku. Mai yi wa yarinyar wanka yayata ce, Kulu, wadda ta goye ni, kuma har yau kallon yaro take mini. Tun ranar farko ta zagaya tukunyar gas tana taɓe baki. Ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan da ke ɓararraka a rabin duro, ta fitar, ta ce, "Wanga ruwa bai dahu ba, tsoro dai ya ji." Ta sa aka ƙara masa tafasa biyu. Haka muka riƙa yi kullum. Tukunyar da ke kai ni mako uku a teburin shayi, Yaya Kulu ta shanye ta a kwana biyar. Na dawo na sake cikawa, sai na tarar kuɗin ya ƙaru. Na tambaya, yaronka mai sikeli ya ce dala ce ta tashi. Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Direbobin da ke zuwa Kudu suna shan shayi a wurina, sun ce a can wuta ake cinna wa gas ɗin nan a sama yana ci dare da rana, ba mai ko dafa ƙwai a kansa. Abin da ake ƙonawa a banza a gida, ina ya haɗu da dala? A wace makaranta ya koyi Turanci? Kuma me ya sa idan dalar ta sauka shi ba ya jin labari?

Na huɗu, shi ne babban. Ranar kwana goma, bayan an yi suna an dafa kauri da kunun kanwa, tukunya ta sake yin shiru. Na zo na tarar ƙofarku a rufe, maigadi ya ce tanka ba ta iso ba. Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Daga baya na ji cewa tun mako guda kafin nan kun san tankinku ya kusa ƙasa, har kun raɗa wa masu manyan gidajen abinci su zo su cika nasu. Wato ranar da na zo cikawa ta biyu kana sane, ka karɓi gaisuwata, ka tambayi tagwaye, ka bar ni na tafi. Da ka ce mini, "Baba, nemi icce," da ban kai ga abin da zan faɗa yanzu ba.

Na kwaso ƙaramar tukunya daga tasha na kai gida, na rufe teburin shayi. Ta yi kwana ɗaya da wuni ta mutu ana tsakiyar ɗora ruwan yamma. Na shiga unguwa neman icce, damina ce, ɗan abin da ke akwai jiƙaƙƙe ne. Na ce wa Yaya Kulu a haƙura da wankan yau ɗaya mana. Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce shekara tara aka yi ana roƙon Allah, ba za ta bar sanyi ya shiga jikin yarinya saboda wautar tsohon banza ba. Ma'aikatan asibiti sun ce a rage zafin ruwan, na gaya mata, ta ce su yi wa nasu 'ya'yan.

Na fita sallar la'asar. Kafin in dawo, na hango hayaƙi na tashi daga gidana. Bencina ne, Manaja. Dogon bencin da na kawo gida don baƙin suna, wanda direbobin Shinkafi da Zurmi suka shekara ashirin suna zama a kai, wanda a kansa na yi aikin gida na ajin yamma har na iya rubuta sunana. Ta sa gatari ta raba shi huɗu. Ya ci da kyau kuwa, domin ya sha man shanu da madara a rayuwarsa. Ruwa ya dahu yadda take so. Tana fifita wuta ta gaya mini cewa ta duba teburin shayina ma, katakonsa mai kyau ne.

Washegari da sassafe na hau motar Shinkafi, na sauka a Badarawa. Ka taɓa ganin uban mata ya je gidan suruki roƙon iccen da ya kora? Lawali ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye, ya ce iccen na nan inda direba ya zube shi, ba wanda ya taɓa. Allah ya yi masa albarka. Mahaifiyarsa ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam Garba, ashe zamanin hayaƙin ya dawo?" Na ce ya dawo, Hajiya. A bayan mota na dawo Ƙaura, zaune a kan iccen, duk wanda ya ji jawabina na ƙofar gida ya gan ni.

Yanzu tankarku ta iso, kuɗi ya sake hawa, na cika ƙarama na buɗe shayi. Na koyi darasi: tukunyar sana'a ba ta zuwa gida, kuma na sake gina murhu a gefe, ko da za ka ji haushi.

Ga buƙatuna. Ku kafa allo a bakin ƙofa, ku riƙa rubuta saura kwana nawa gas ya ƙare, da manyan baƙaƙe. Mun iya karatu yanzu. Ku sanar da mai ƙaramar tukunya ranar da kuke sanar da mai babba. Ku juyo da fuskar sikeli wajen mai saye, ya daina kallon bango kamar an yi masa faɗa. In kuma za ka sake tara masu sana'a, ka gaya musu gaskiya: gas na da daɗi, amma yana tafiya ba sallama, kowa ya bar murhunsa a tsaye.

Allah ya ƙara maka kasuwa, ya tsare tankarku a hanya, ya ba ka jikoki biyu biyu, ya haɗa ka da yaya irin tawa. Saura kwana goma sha bakwai a gama wanka, kuma ba a yi fashin ko ɗaya ba. Ranar arba'in ina gayyatarka tasha, shayi mai kauri kyauta don albarkacin Hassan da Hussaina. Sai dai ka taho da abin zamanka.

Wassalam.

Naka,
Garba Mai Shayi, kakan tagwaye,
Ƙaura Namoda.