Fihirisar da Na Saka a Kwamfutar Kawu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan kuna lafiya.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata biyu na yi ina son Injiniya, mai duba kwamfutar shagon hayar littattafan Kawu. Dogo, ga tabarau, sak jaruman littattafan da nake karantawa a bayan kanta. Ashe fanko ne.

Kin san da lambar waya muke nemo mai haya. Sai kwamfutar ta yi minti uku tana tunani, mutane har bakin ƙofa. Da na bincika, sai na ga sunaye dubu talatin take bi ɗaya bayan ɗaya kafin ta kai ga mutum. Na saka mata fihirisa a kan lambobin, irin ta bayan littafi. Yanzu kafin ƙiftawar ido ta kawo.

Washegari Injiniya ya zo, ya canja wayar wuta guda, ya ce wa Kawu ya gyara. Kawu har da sa albarka. Ni kuma aka ce in kawo masa ruwa.

Ƙanwarki.

Auta,

Muna lafiya, na kuma yi dariya har da ƙwalla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Tun ranar da na ga mutumin nan yana gyara gashin baki a gilashin kwamfutar na san babu komai a kansa sai turare. Ki faɗa wa Kawu. Bakin nan naki ba don cin abinci kaɗai aka yi shi ba.

Ki gaida Umma.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi niyyar faɗa wa Kawu sau uku, na kasa.

Jiya gwanin naku ya ga fihirisar, ya ce tarkace ne, ya goge. Kwamfuta ta koma tafiyar hawainiya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, yara na taɓa maka kaya." Kawu ya ce daga gobe kada in sake zama a kujerar kwamfutar, shara da jera littattafai sun ishe ni.

Na rubuta wa Kawu komai a takarda, na roƙi minti ɗaya a kan kujerar in mayar da fihirisar, a gaban Injiniya. Da na so in tura ta ƙarƙashin ƙofa. Na fasa. Kawu na shigowa zan miƙa masa a hannu, in tsaya har ya karanta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.